Dashen Ɓargo da Cutar Sikila: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai, Kazaure



Da yawanku za ku tuna abokinmu na aji uku, wanda da hunturu ya shigo sai ya kwana yana kukan ciwon ƙashi, mu kuwa muna ce masa rago. Ashe sikila ce. Bai kai ga jarrabawar fita ba, Allah Ya jiƙansa. Yau ga 'yar ƙanwata a Babura da irin wannan ciwo, kuma kullum uwarta sai ta tambaye ni: "Yaya, da gaske ana warkewa?"

Ana warkewa, ta hanyar dashen ɓargo. A cikin ɓargo ne jiki ke ƙera jini. Jan ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120, ta mai sikila kuwa ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Idan aka sauya ƙwayoyin da ke haifar da jinin da na mai lafiya, sai jinin kansa ya sauya. A 1984 aka fara ba da rahoton warkewar wata yarinya ta wannan hanya a Amurka. A Nijeriya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ne ya fara a 2011, na Jami'ar Legas ya bi sahu a 2024.

Sai dai aikin ba ya ƙarewa ranar dashe. Kafin a zuba sababbin ƙwayoyin, sai an ba majiyyaci magunguna masu ƙarfi da za su kashe tsohon ɓargonsa. Waɗannan magunguna ba sa zaɓe, suna lalata har ƙananan jijiyoyin jinin da suka ratsa ɓargon. Duk wanda ya yi noman rani a bakin dam ɗin Kazaure ya san cewa idan hanyoyin ruwa suka rushe, komai kyan iri ba zai yi ba. To haka abin yake. Waɗannan jijiyoyi ne ke kai wa sababbin ƙwayoyin abinci, bangonsu kuma na fitar da sinadaran da ke sa su zauna su hayayyafa, kuma ta cikinsu sabon jini ke fita zuwa jiki. A 2009 masana a Jami'ar Cornell da ke New York sun gwada a kan ɓeraye: da suka hana jijiyoyin gyaruwa, sai dashen ya ƙi kamawa.

Kamawar takan ɗauki mako 2 zuwa 4. A wannan tsakanin majiyyaci ba shi da garkuwar jiki, sai a keɓe shi a ɗaki, ana yi masa ƙarin jini, don ƙaramar cuta na iya halaka shi. Ga kuma wahalar samun mai bayarwa: ko a 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, damar dacewar kowane ɗaya 1 ce cikin 4. Kuɗin kuwa miliyoyin naira ne, kuma maganin na iya hana haihuwa.

Jama'a, mu nawa ne a nan za su iya ɗaukar wannan? Alhali kuwa idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki na da haɗarin 1 cikin 4 na zuwa da SS. Makwabciyarmu Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure tun 2024.

Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya ta ware wani abu daga asusunta, a riƙa yi wa ɗaliban ajin ƙarshe gwajin jini kyauta, mu fara da makarantarmu, sannan Roni, Gwiwa da Babura. Yaro ya san jininsa tun kafin zuciya ta kamu, don raba aure bayan an kai kuɗin gaisuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.