Katin Zinariya da Jirgin da Ya Daina Zuwa

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya ya gabatar a taron zagayowar ranar kafa ta



Ranka ya daɗe shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, hajiyoyinmu, ƙannena da 'ya'yana 'yan kasuwa, da baƙinmu da suka tsallako iyaka daga Maraɗi, Damagaram, Yamai, Garwa, Njamena da Kumasi, ina yi muku barka da zuwa. Allah ya maimaita mana wannan rana, ya jiƙan waɗanda suka kafa ƙungiyar nan suka riga mu gidan gaskiya.

Da kwamitin shirya taro ya ce in yi magana, na ce musu ba zan taɓo kwastan ko canjin kuɗi ba, domin akwai waɗanda suka fi ni sani a nan. Na zaɓi wani ɗan abu da ke cikin aljihun yawancinmu, wato katin tara maki na kamfanin jirgin sama, wanda wasu ke kira katin mil. Tambayata ɗaya ce. Idan kamfanin da ka yi shekaru kana bi ya daina sauka a filin jirgin garinku, me ya rage tsakaninka da shi?

Bari in fara da kaina, don kada a ce ina wa'azi daga kan tudu. Akwai wani kamfani, ba zan kama sunansa ba, da na daɗe ina shiga jirginsa duk lokacin da zan je saro kaya. Har na kai matsayin katin zinariya. Ba na bin dogon layi, ana ƙara mini jaka ɗaya kyauta, ina shiga falon manyan baƙi in sha shayi in yi salla a natse. Wata rana sai aka wayi gari sun janye daga filin jirginmu. Maimakon in duba wani jirgin da ke tashi daga ƙofar gidana, sai na riƙa sayen tikitin cikin gida ina zuwa wani birni mai nisa ina kwana a otal, don kawai in shiga jirginsu kada katina ya faɗo. Na yi ta yin haka har wata tafiya gab da ƙaramar salla, jirgin cikin gida ya yi latti, na tarar babban jirgin ya tashi. Tikiti biyu ne daban-daban, don haka babu wanda ya ɗauki alhakina. Kafin in sami wata kujera, in je in saro, in dawo, salla ta wuce, yadin da na yi niyyar sayar wa masu ɗinkin salla ya kwanta a shago. Ɗana ne ya zauna da biro da takarda ya haɗa mini kuɗin tikitin cikin gida, da otal, da tasi, da kuɗin wuce-kima na kaya. Ya ce, "Baba, shayin nan da kake sha a falonsu, ba a taɓa sayar da shayi mai tsadarsa ba." Na yi dariya, amma raina ya sosu, domin gaskiya ya faɗa. Laifin nawa ne, babu wanda ya tilasta ni.

Ba ni kaɗai abin ya taɓa shafa ba, kuma ba yau aka fara ba. Manyanmu sun tuna Air Afrique, wanda ya haɗa Yamai da Abijan da Dakar da Njamena, ya durƙushe a 2002. Sun tuna Nigeria Airways, wanda ya daina tashi a 2003. Mutanen Kano sun tuna KLM, wanda ya yi shekaru aru-aru yana sauka a Kano kafin ya daina a 2012. Bayan annobar korona, an buɗe Legas da Abuja ga jiragen ƙasashen waje a watan Satumba na 2020, amma filin jirgin Malam Aminu Kano sai a 2021 aka buɗe shi. Masu zuwa Dubai sun san yadda Emirates ya dakatar da zuwa Najeriya a ƙarshen Oktoba na 2022 saboda kuɗin tikitinsa da suka maƙale, ya kasa fitar da su. Tun a tsakiyar shekarar kamfanin ya ce kuɗin sun kai dala miliyan 85. Bai dawo Legas ba sai ranar 1 ga Oktoba, 2024. 'Yan uwanmu na Nijar kuma sun ga yadda Air France ya dakatar da zuwa Yamai a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, daga baya hukuma ta hana jiragen Faransa shiga sararin samaniyar ƙasar.

Ku duba dalilan nan da kyau: karyewar kamfani, ƙarancin riba, annoba, ƙarancin dala, rikicin siyasa. Babu ko ɗaya a ciki da ya shafi yawan makinka ko launin katinka. Jirgi dukiya ce mai fukafukai. Idan hanya ba ta biya, ko kuɗin da aka samu a kanta ba sa fita, sai a ɗauke shi a kai shi inda za ta biya. Mu ma haka muke yi da motocinmu. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, wane ne a cikinmu ya bar tirelarsa a Jibiya ko Maigatari tana jiran a buɗe, don yana jin kunyar hanya? Saboda haka ban zo in zagi kowane kamfani ba. Na zo ne mu fahimci irin cinikin da muka shiga.

Mu 'yan kasuwa mun san amana, kuma mun gaje ta. Kakanninmu fatake da suke zuwa Gwanja sayen goro, kowane yana da maigidansa a zango. Shi ke saukar da shi, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa idan an ci bashinsa. Shi ya sa bafatake ba ya sauya masauki don wani ya yi masa tayin rangwame. Amma wannan amanar ƙafa biyu gare ta. Kai kana riƙe da shi, shi ma yana riƙe da kai, kuma idan ya saɓa akwai sarkin zango da za a kai ƙara. Katin maki ba haka yake ba. Kamfani ne ya rubuta sharuɗɗan shi kaɗai, ya kuma rubuta cewa yana da ikon sauya su. Shi ke cewa maki nawa ne kujera, shi ke cewa kujeru nawa za a ware wa masu maki, shi ke sa ranar da makin zai mutu. Ko tikitin da ake kira kyauta, sai ka biya haraji da wasu kuɗaɗen da ake ɗorawa a kai. Bashi ne da kake bin mutum, amma littafin bashin da biron suna hannunsa.

Kuma ku tuna abin da fataken nan suka yi. Bayan Turawan Ingila sun ci Asante da yaƙi a 1874, goro ya rage zuwa kasuwar Salaga, sannan yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa watsa garin. Fatake ba su zauna suna gadin kango ba. Sun koma Kintampo, da Kete Krachi, da Kumasi, inda goron yake. Ba su ci amanar kowa ba, sun bi abin da ya fito da su daga gida ne.

To, me ɗan kasuwa zai yi idan abin ya faru a garinsu? Ga abin da na koya, da kuɗina na saye shi.

Da farko, a raba abu biyu da muke yawan haɗawa: maki da matsayi. Maki shi ne abin da ka tara, kana iya canza shi da tikiti ko ƙarin kaya. Matsayi, wato azurfa ko zinariya, na ɗan lokaci ne, sai ka ci gaba da tafiya yake ɗorewa. Yawancin asarar da muke yi, wajen kare matsayi muke yin ta. Idan jirgin ya bar garinku, ka bar matsayin ya tafi, ka ceci makin.

Na biyu, ka kashe makinka tun yana da rai. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. A tsarin Skywards na Emirates, maki kan mutu bayan kimanin shekara uku. A tsarin Flying Blue na Air France da KLM, mai ƙaramin kati yana iya rasa makinsa idan ya yi shekara biyu ba ya motsa asusun. Dakatarwar da aka yi wa masu zuwa Dubai ta kusa cika shekara biyu, ku lissafa da kanku. Maki ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu a jira ya yi tsada. Yawanci darajarsa raguwa take yi.

Na uku, ka san ƙawancen da kamfaninka yake ciki. Manyan ƙawance uku ne. Star Alliance, wanda aka kafa a 1997, a cikinsa akwai Ethiopian Airlines, EgyptAir da Turkish Airlines. oneworld, na 1999, akwai Qatar Airways da Royal Air Maroc. SkyTeam, na 2000, akwai Air France, KLM, Kenya Airways da Saudia. Amfanin wannan shi ne, kana iya tara maki ko kashe shi a jirgin ɗan ƙawance. Mai makin Flying Blue, alal misali, yana iya neman kujera a jirgin Saudia don zuwa umara. Emirates ba ya cikin ko ɗaya daga ukun, abokan hulɗarsa daban yake ƙulla su. Kafin ka zuba duk tafiyarka a kati ɗaya, ka tambayi kanka: idan wannan ya tafi gobe, akwai ɗan uwansa da ke sauka a garinmu?

Na huɗu, ka yi lissafi daga ƙofar gidanka zuwa ƙofar shagon da za ka saro kaya, ba daga filin jirgi zuwa filin jirgi ba. Mutumin Maraɗi yana da tafiyar fiye da kilomita 600 kafin ya kai Yamai, alhali Kano ta fi kusa da shi nesa ba kusa ba, in dai iyaka a buɗe take. Mutumin Kano da zai je Legas ya kama jirgi, sai ya sa kuɗin tikitin cikin gida, da kwana, da kwanakin da shago zai yi babu shi. Tikitin ƙasar waje sau da yawa yana ba ka jaka biyu masu kilo 23, na cikin gida kuwa ba ya kai haka, sai ka biya bambancin. Idan dole ne ka sauya jirgi, ka nemi a haɗa maka tafiyar a tikiti ɗaya, domin a nan ne kamfani ke da alhakin kai ka idan an yi latti.

Na biyar, idan an soke tafiyar da ka riga ka biya, kana da haƙƙin neman kuɗinka ko a sauya maka hanya. Kada ka yi saurin karɓar takardar alkawarin tafiya nan gaba daga kamfanin da ba ya zuwa garinku. Wanda ya saya ta hannun ejan, ta hannunsa kuɗin ke dawowa, don haka a riƙa ajiye rasit da lambar tikiti. A kuma tabbatar lambar katinka ce aka sa a tikitin, kuma sunan da ke kan katin ya dace da na fasfo harafi da harafi.

Na shida ya shafi iyali. Da yawa daga cikinmu mun tara maki mai yawa, amma babu wanda ya san da shi a gida. Kamfanoni da dama sun rubuta cewa makin ba dukiyarka ba ce da za a raba kamar gado, kuma sun hana sayar da shi. Wasu suna ba da damar haɗa makin iyali wuri ɗaya. Wanda yake da irin wannan damar ya yi amfani da ita, ya kai mahaifiyarsa umara, ko ya tura yaronsa ya koyo hanyar saro kaya.

Daga ƙarshe, ranka ya daɗe shugaba, ga roƙona ga ƙungiya. Katin mutum ɗaya bai taɓa dawo da jirgi wani gari ba. Abin da kamfani ke dubawa shi ne kujeru nawa za su cika, kaya tan nawa za a loda. Wannan bayanin yana hannunmu, amma a warwatse yake. Ina ba da shawara sakatariya ta buɗe rajista, kowane mamba ya rubuta inda yake zuwa, sau nawa a shekara, da nauyin kayan da yake dawowa da su. Idan muka haɗa wannan, muna iya zama da kowane kamfani a matsayin ƙungiya, mu nemi rangwamen tikiti da ƙarin kilo a rubuce, mu kuma je wa hukumomin filayen jiragenmu da hujja a hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun ga Qatar Airways ya fara zuwa Kano a 2022, mun ga Ethiopian yana haɗa Kano da Yamai da Njamena da Guangzhou ta Addis Ababa, ga ASKY yana zagaya yankinmu daga Lome tun 2010. Inda fasinja yake, jirgi na zuwa. Kuma idan jirgi yana tashi daga garinmu, mu shige shi, domin kujerar da muka bari babu kowa a yau ita ce hujjar da za a kafa gobe a janye shi.

Katina na zinariya yana nan a cikin durowa, jikata tana wasan banki da shi. Yanzu duk jirgin da ya fi sauƙi daga ƙofar gidana shi nake shiga, makin da ya samu kuma ba na barin sa ya kwana biyu. Ina fata sakatare zai fito da takardar rajistar nan tun kafin mu watse, ni ne zan fara sa hannu.

Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya tsare mu a hanyoyinmu na sama da na ƙasa, ya mayar da kowa gidansa lafiya.