Gansakukar Tafkin Kifi da Ranar Bazara



Koren ruwan nan na tafkunanku na kifi gansakuka ce, ƙananan tsirrai da ido ba ya iya ganinsu ɗai-ɗai. Da hasken rana take haɗa abincinta, a nan ne kuma take sakin iskar oksijin da kifi ke shaƙa. Don haka ban zo in ce ku kashe ta ba.

Sai dai haske ma yana yi mata yawa. Daga Maris zuwa Mayu, idan rana ta take, abin da ke sauka kan ruwa ya fi ƙarfin abin da gansakukar za ta iya sarrafawa. Rarar hasken sai ta auka wa oksijin ɗin da ke cikin tsiron, ta mai da shi guba mai ƙuna. Ɗaya daga cikin gubar nan ma kun san shi: haidurojin peroxide, ruwan nan na kemis da ake zuba wa ciwo ya yi kumfa. Irinsa ne ke cin koren tsiron daga ciki. Allah ya ba gansakukar kariya, wasu launuka rawaya da ja-ja masu kwashe rarar, kuma kullum tana gyara abin da ya lalace. Amma idan zafi ya tsananta, ɓarna takan riga gyara. Sai ruwa ya koɗe ko ya koma ruwan ƙasa cikin kwana ɗaya ko biyu.

To, nan ne asarar take. Matacciyar gansakuka tana ruɓewa, ruɓewar kuma tana cinye iskar ruwa. Da dare babu mai sakin sabuwa. Shi ya sa da asuba ake tarar da karfasa a saman ruwa tana buɗe baki. Tarwada tana iya haɗiyar iska daga sama, kada juriyarta ta ruɗe ku, wahala take sha.

Don gane ko koren ya yi yawa, ku tsoma hannu a ruwan har gwiwar hannu. In ba ku ga tafinku ba, koren ya yi kauri: a dakata da zuba kashin kaji, a rage abinci, a sauya wani ɓangare na ruwan. A kafa rumfar zana a gefe guda, ba duka tafkin ba. Wanda tafkinsa ke kusa, ya riƙa leƙawa in ya fito daga masallaci bayan sallar asuba, kafin rana ta fito ta ɓoye matsalar.