Yadda Tsohon Kuɗin Azurfa Ke Rikiɗa

Tsofaffin kuɗin azurfa biyu ne suka fi shahara a Damagaram: na Maria Theresa mai ɗauke da shekarar 1780, wanda fataken Sahara suka riƙa kawowa, da dalar Faransa da ta yaɗu bayan Turawa sun ci Damagaram a 1899.

Launinsu yana sauyawa ne idan azurfa ta haɗu da sinadarin farar wuta da ke cikin iska. Da fari sai ta yi ruwan ɗorawa, sannan jaja-jaja, sai shuɗi-shuɗi, daga ƙarshe ta yi baƙi. Yawanci daga gefe abin ke somawa, ya doshi tsakiya.

Ma'ajiya ce ke nuna saurin wannan sauyi. Laimar damina, jakar fata, roba da takardar jarida suna gaggauta shi, busasshiyar iskar hunturu kuwa tana jinkirta shi. Gumin yatsa yana barin tabo mai wuyar fita. Saboda haka ana iya hasashen jerin launukan, amma tsawon lokacin ya danganta da wurin ajiya.

Goge kuɗin da toka ko rairayi yana cinye zanensa, ya karya darajarsa wurin masu tara kayan tarihi. Kamata ya yi a riƙe shi ta gefe, a adana shi a busasshen wuri.