Lantarki da Ruwan Jima



Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna har Turai, amma ruwan da majema ke zubarwa yana gurɓata ƙasa da rafi. Bagaruwar jima na ɗauke da sinadarai masu zoben kabon shida, wanda Kekule ya bayyana a 1865. Zoben nan taurin kai gare shi, ba ya saurin ruɓewa.

In aka tsoma sandunan lantarki biyu cikin ruwan, aka saki wuta, ruwa kan tsage a jikin sanda guda, ya haifi ɓarɓashi mai suna haidiroksil. Shi ke fasa zoben. Sai dai ransa bai kai ƙiftawar ido ba, don haka ba ya nisa da sandar.

Muddin dauɗa na da yawa, ƙarfin wuta ke yanke saurin aikin. Da ta ragu, sai saurin ya dogara ga yadda take isa sandar. Ƙara wuta a lokacin asara ce, iskar oksijin kurum za a samu. Motsa ruwan ya fi.

Hasken rana bai yi mana rowa ba, zai ba da wutar. Saura mu, ɗaliban kimiyya, mu auna, kada majemi ya biya kuɗin banza.