In An Yi Ihu "Ɓarawo!", Me Za Mu Yi?

Yau za mu yi magana a kan abin da yawancinmu mun taɓa gani. Ana cikin cin kasuwa, sai wani ya yi ihu, "Ɓarawo!" Nan da nan jama'a su taru, wani da sanda, wani da dutse, wani kuma ya ruga neman taya da fetur. To, daidai ne mu hukunta mutum da hannunmu?

Mun san abin da yake kawo wannan. Mutum ya shekara yana kiwon awaki domin kuɗin makarantar yara, a dare ɗaya a kwashe su. A kama wanda ake zargi, a kai shi wurin 'yan sanda, bayan kwana biyu ga shi yana yawo a gari. Zafin nan gaskiya ne, Allah kuma yana ganinsa. Amma bari mu duba inda fushin taro yake kai mu.

A watan Oktoba 2012, a garin Aluu a Jihar Ribas, aka zargi ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal da sata, aka yi ta dūkansu, aka ƙone su. A 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa a kan wannan, har da ɗan sanda. A watan Mayu 2022, a Sakkwato, taro ya kashe wata ɗaliba Kirista bisa zargin saɓo. A watan Maris 2025, a Uromi ta Jihar Edo, aka kashe matafiya 16, mafarauta Musulmi masu komawa Kano bikin Salla, domin an ga bindigogin farauta a motarsu aka ce masu satar mutane ne. Ko ɗaya cikin waɗannan bai tsaya gaban alƙali ba. Mu tuna, mu ma muna da yara a Legas da Anaca da Fatakwal, inda ba sa jin harshen gari. Ranar da aka yi musu ihu, wa zai tsaya ya saurare su?

Littafi Mai Tsarki ya san halin taro. A Ayyukan Manzanni sura 19, Dimitiriyas maƙerin azurfa ya zuga mutanen Afisa a kan Bulus, domin cinikinsa yana raguwa. Gari ya ruɗe, aka yi wajen awa biyu ana ihu, alhali yawancin waɗanda suka taru ba su ma san dalilin taron ba. Magatakardan gari ne ya kwantar da su, ya tuna musu akwai kotu, mai ƙara ya kai can. A sura 21 kuma, saura kaɗan a kashe Bulus a Urushalima domin an yi zato ya shigar da Bahelene cikin Haikali. Zato ne kawai. Ubangijinmu kansa, ihun taro ne ya kai shi gicciye, bayan Bilatus ya ce bai sami laifi a gare shi ba.

Shi ya sa tun zamanin Musa Allah ya kafa wa fushi shinge. A Littafin Ƙidaya sura 35 ya umarta a keɓe birane shida na mafaka, uku a kowane hayin Urdun, domin wanda ya yi kisa ba da gangan ba ya gudu can har a yi shari'arsa. Ya kuma hana a kashe mutum bisa bakin shaida ɗaya. A Romawa sura 12 da 13 Manzo Bulus ya koya mana mu bar wa Allah ramako, hukunta mai laifi kuwa aikin hukuma ne. Ya rubuta wannan a ƙarƙashin mulkin Roma, wanda bai fi namu adalci ba.

Wani zai ce, "Wato mu naɗe hannu a kashe mu?" A'a. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 33, ya yarda mutum ya kāre kansa da dukiyarsa gwargwadon bukata. Doka kuma ta ba kowa izinin kama wanda ya yi laifi a gabansa, amma ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Sashe na 36 ya ce mutum marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar. Tsaron gida da dare abu ɗaya ne. Dūkan wanda ya riga ya shiga hannu, ko tare hanya a kashe baƙo saboda abin da waɗansu suka yi, wannan kisankai ne.

To, me za mu yi? Kada mu maimaita ihun abin da ba mu gani da idonmu ba. Kada mu tura jita-jita ta waya. In an kama wani, dattawa da fasto da mai unguwa su yi sauri su tsaya tsakani, a shigar da shi ɗaki, a kira hukuma. Sa'an nan mu bi maganar, mu je mu ba da shaida, gama sau da yawa ana sakin mai laifi ne domin ba wanda ya zo shaida. Iyaye, mu gaya wa samarinmu 'yan banga cewa aikinsu tsaro ne, ba shari'a ba. Akuya da aka sace ana iya biya, rai kuwa ba ya dawowa. Da-na-sani ƙeya ce.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka ta'azantar da waɗanda aka cuce su. Ka ba shugabanninmu da alƙalanmu tsoronka. Ka tsare hannuwanmu daga jinin marar laifi, ka ba mu ƙarfin hali mu tsaya ranar da taro ya tashi. Cikin sunan Yesu, amin. Sai mako mai zuwa, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.