Jawabin Shugaban Sashen Ilimin Duwatsu a Bikin Yaye Ɗaliban Digiri na Biyu da na Uku



Mai girma Shugaban Jami'a, mai martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka, wakilan gwamnati, shugabannin tsangayoyi, shehunan malamai, iyayenmu maza da mata, 'yan jarida, ɗalibai.

Waɗanda muke yayewa yau sun sha rana. Sun bi dutsen yashin Bima, sun farfasa duwatsun laka na Pindiga da na Fika, sun ɗebo kwal ɗin Maiganga a Gombe, wasu sun kai har kwarin Bida da na Sakkwato. Tambayarsu ɗaya ce: ragowar halittun da suka nutse cikin laka shekaru miliyoyi, suna da yawan da za su haifar da mai? Kuma sun dahu? Dutsen da kabon ɗinsa bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba, ba a cika sa rai da shi ba. Zafin ƙasa kuwa sai ya kama daga kimanin digiri 60 zuwa 120. In ya gaza, ɗanye ne, in ya zarce sosai, sai gas.

Irin wannan aiki ne ya hana a yanke ƙauna da filin mai na Kolmani. Kamfanin Shell ya haƙa rijiya a can a 1999, aka tafi aka bar wurin. A 2019 NNPC ta koma ta samu mai, a Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin. Maƙwabtanmu na Nijar suna tace man Agadem a Damagaram tun 2011.

 

Kada kuma mu manta da 'yan'uwanmu na Jami'ar Maiduguri da aka kai wa hari kusa da Magumeri a Yulin 2017 suna bakin aikin neman mai. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ranka ya daɗe, yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yaro zai ɗebo dutse da hannunsa, ya daka shi ya zama gari, ya ƙulla a 'yar leda, ya rubuta lamba a jiki, sannan ya rasa inda zai auna. Na'urar Rock-Eval, wadda ke gasa garin ta nuna yawan man da zai iya bayarwa, ba mu da ita. Sai a aika ƙasar waje, a biya da dala, a zauna jira wata da watanni. Na ga ɗalibar da mahaifinta ya sayar da shanu don a auna mata samfuri. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Dokar man fetur ta 2021 ta ware kashi 30 cikin 100 na ribar mai da gas da NNPC ke samu a kwangilolin raba riba, don neman mai a sababbin yankuna. Muna roƙon a tuna da ɗakunan gwaji na jami'o'i, da wutar da ba ta ɗaukewa, da ma'aikacin da zai kula da na'ura. Takardar buƙatunmu tana hannun wakilan gwamnati, kuma za mu bi sawunta.

Magatakarda, bismillah, a kira sunaye.