Duba Lafiyar 'Yan Makaranta da Allurar Rigakafi

Yau za mu ajiye alli da allo, mu yi magana a kan lafiyar yaran da mu ke aikawa makaranta, da kuma tamu lafiyar, mu manya.

Dattawan da ke nan, in kun naɗe hannun riga, da yawanku za ku ga wani tabo a damtse. Tabon lamba ke nan, wadda aka yi muku saboda agana. Samari ba su san agana ba sai a labari. Da can in ta shiga gari sai ta yi ta ɗibar mutane, wanda ya tsira kuwa ta bar masa zanzana a fuska, wani ma ta makantar da shi. A 1967 aka shiga bin ƙasashen Afirka ta Yamma gari gari ana yi wa mutane lamba. Daga 1970 ba a ƙara ganinta a Nijeriya ba. Mutum na ƙarshe da ya kamu da ita cikin gari, a Somaliya ne, a 1977. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cewa agana ta ƙare a duniya duka. To, ku lura, a lokacin babu wani magani da ke warkar da ita. Masu lafiya aka bi aka yi wa lamba, har cutar ta rasa jikin da za ta sauka. Makiyaya ma sun ga irin wannan. Bushiya da ta riƙa ƙarar da garke, allurar shanu ce ta kawar da ita, aka ba da sanarwar ƙarewarta a 2011.

Yaya abin ya ke aiki? Yawancin cututtukan da a ke ɗauka, ƙwayoyi ne ke kawo su, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Allah kuwa ya sa wa jikin mutum dakaru cikin jini masu yaƙi da su. Amma dakarun nan sai sun san abokin gaba kafin su iya da shi. Kun san in an kama ɓarawo aka zaga da shi kasuwa a ɗaure, kowa ya ga fuskarsa, ran da ya komo tun daga ƙofar gari za a gane shi. Haka allurar rigakafi ta ke. A kan ɗauki ƙwayar cutar a kashe ta, ko a raunana ta, ko a ɗebi wani ɓangarenta kaɗai, a nuna wa jiki. Ran da ta gaske ta zo, sai ta tarar an santa, an kuma shirya mata.

Makaranta wuri ne da yara ke haɗuwa daga gida gida. Suna zama kafaɗa da kafaɗa, suna shan ruwa da moɗa ɗaya, wannan ya yi tari a fuskar wancan. Inda yara suka taru, nan cuta ke samun kasuwa. Ƙyanda, wadda waɗansu ke kira baƙon dauro, in ta kama yaro ɗaya, cikin yara 10 da ke kusa da shi waɗanda ba su da rigakafi za ta iya kama 9. Su kuma su kai ta gida wa ƙannensu na goye, waɗanda ba su isa allurar ba tukuna. Daga ƙarshen 2022 zuwa cikin 2023 mashaƙo ya ɓarke a Arewa, ya fi tsanani a Kano. Ciwo ne da ke kumbura wuya, ya shimfiɗa wata fata a maƙogwaro har numfashi ya gagara. Yawancin waɗanda ya kama yara ne, galibinsu kuwa ba a cika musu allura ba, ga shi allurarsa tana nan a asibiti tun da daɗewa.

Shi ya sa ya kyautu a duba yaro kafin ya shiga aji, a kuma riƙa dubawa yana ciki. Ba kowace makaranta ce ma'aikatan lafiya ke zuwa ba, wannan gaskiya ne. Inda su ke zuwa, kada ku hana yaro fita ran nan. Inda ba sa zuwa, iyaye su haɗu su yi wa shugaban makaranta da dagaci magana a nemo su, ko kuwa kowa ya kai nasa asibitin da ke kusa.

Wani zai ce, "Ɗana lafiyarsa lau, yana ci yana wasa, me za a duba?" To, ga abin da a ke dubawa. Za a ɗora shi a sikeli, a auna tsawonsa, a ga ko girmansa ya yi daidai da shekarunsa. Za a ja fatar idonsa a ga cikinta. In ta yi fari, jininsa ya yi kaɗan, sau da yawa saboda tsutsar ciki, ko zazzaɓin sauro, ko rashin abinci mai gina jiki. Za a danna cikinsa a ji ko saifa ta kumbura. Za a duba kai saboda makero, a duba tsakanin yatsu saboda ƙazwa, a leƙa baki da kunne.

Sa'an nan za a tsai da shi nesa da wani allo mai alamomi manya da ƙanana, a rufe masa ido ɗaya, a ce ya faɗi abin da ya gani. Wannan mu ke so ku riƙe da kyau. Akwai yaran da a ke ce wa daƙiƙai, a yi ta dukansu a gida da makaranta, alhali kuwa rubutun allo ne ba sa gani, ko muryar malam ce ba ta kai musu. Yaron ba zai faɗa ba, don bai san waɗansu sun fi shi gani ba. Yana zaton haka duniya ta ke. Tabarau, ko wankin kunne, ko a dawo da shi layin gaba, sai ka ga wanda aka fid da rai da shi ya kama karatu. Mu da mu ke koyon baƙi da girma mun san zafin a ce mutum ba ya ganewa.

Akwai kuma tsargiya. A garuruwan da ke bakin tafki ko madatsar ruwa, yaro ya kan yi fitsari da jini a ƙarshensa, har waɗansu su ce alamar balaga ce. Ba balaga ba ce, tsutsa ce. Tana fitowa daga jikin katantanwar ruwa, ta huda fatar mai wanka ko mai kamun kifi, ta zauna cikin jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai. In aka bar ta shekaru, ta kan lalata mafitsara da ƙoda. Maganinta ƙwaya ce, a kan raba ta a makarantu, a tsai da yaro jikin sanda a ga tsawonsa, a ba shi gwargwado. Ran da za a raba, ku tabbata ya ci abinci kafin ya fita, don tana juya ciki in an sha ta da yunwa.

Abu na ƙarshe da ma'aikacin lafiya zai tambaya shi ne katin rigakafi. Nan ne karatunku zai yi muku rana. Da, uwa ta kan karɓi katin ta sa ƙarƙashin tabarma ko cikin kwalla, ba ta san abin da ke ciki ba, sai an tuna mata. Yanzu kun san lambobi, kun san sunayen watanni. Ku buɗe ku gani. Ana fara wa jariri tun ranar haihuwa, ko cikin kwanakin farko: allurar tarin fuka a damtsen hagu, da ta ciwon hanta, da ɗigon shan inna a baki. Sai a komo yana da mako 6, da mako 10, da mako 14. A waɗannan zuwa uku ne a ke yi masa allurar nan mai haɗe da rigakafin cuta 5, cikinsu har da mashaƙo da tarin shiƙa, tare da ta ciwon huhu, da ɗigon gudawa. Yana wata 9 sai ta ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau. Yana wata 15 a maimaita ta ƙyanda. A asibitin gwamnati kyauta ne.

Inda mu ke faɗuwa shi ne tsakiya. A je na farko, a je na biyu, sai damina ta faɗi, ko biki ya taso, a bar sauran. Wanda ya yi wa gonarsa shinge gefe uku ya bar gefe ɗaya, akuya ba ta gode masa ba, shiga za ta yi. In kun duba kun ga gurbi ba a cike ba, ku kai yaron ko ya wuce lokaci, a duba abin da ya kamata a yi masa. Ba a sake farawa daga farko. Mura ko ɗan tari ba ya hana allura. Bayan an yi, jikinsa ya kan yi zafi kwana ɗaya ko biyu, wurin ya ɗan kumbura. A ci gaba da ba shi nono. Ta damtsen hagu kuwa ta kan yi ɗan ƙurji bayan makonni, ta warke da kanta ta bar tabo. Kada a matse, kada a shafa kome. In zafin ya yi tsanani ko ya wuce kwana biyu, a koma asibiti.

Mun san akwai masu shakka, ba kuma za mu ce shakkar ba ta da asali ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, wani kamfanin Amurka ya gwada sabon magani a kan yara marasa lafiya a Kano. Yara 11 suka mutu cikin waɗanda aka sa a gwajin, aka yi shekaru ana shari'a. Wancan maganin gwaji ne, ba rigakafi ba, amma mutane ba su manta ba. A 2003 aka yi ta raɗe-raɗin cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa, har aka dakatar da shi a Kano. Aka aika mutane suka bincika, aka koma bayarwa a 2004. Amma cikin wannan tsakani cutar ta bazu, ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara da yawa suka shanye. Daga baya sarakuna da malamai suka sa hannu, waɗansu suka ɗiga wa 'ya'yansu a gaban jama'a. An ga shan inna na asali na ƙarshe a Borno a 2016, a 2020 kuma aka ba da shaidar ya ƙare a Afirka. 'Yan matan da aka ɗiga wa a wancan lokaci, ga su nan da goyo. Har yanzu dai ana bi gida gida, domin akwai wani irinsa da ke ɓulla inda yara da yawa ba su samu ba. Mai tambaya ya yi tambayarsa a fili, hakkinsa ne a amsa masa.

Yanzu sai mu manya. Akwai ciwon da ke sandarar da jiki, haƙora su sarƙe, baki ya ƙi buɗuwa. Ƙwayarsa tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, ta rauni ta ke shiga. Ba a ɗaukarsa daga mutum, saboda haka allurar maƙwabcinka ba ta tsare ka, sai taka. Manomin da fartanya ta sare shi, ko ƙusa ta soke shi, ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya je asibiti ran nan, kada ya cusa ƙasa ko toka. Jariri kuwa ta cibiya ya ke kamuwa, in an yanke ta da reza mai datti ko an shafa mata abin da ba shi da tsabta. Za ka ga ya kama nono lafiya, wajen kwanan suna sai ya ƙi kamawa, ya riƙa sandarewa. Kaɗan ne ke tashi. Allurar da a ke yi wa mai ciki wajen awo ita ke tsare su, ita da abin da ke cikinta. Ana yi sau biyu da tazarar mako 4, in ta ci gaba har ta cika 5 ta tsaru duk shekarun haihuwarta. Maigida, barinta ta je awo yana wuyanka.

'Yan mata kuma, tun Oktoba 2023 aka fara yi musu allurar da ke tsare su daga ciwon dajin bakin mahaifa, daga shekara 9. Tun suna ƙanana a ke yi, don ciwon sai an girma ya ke bayyana. Alhazai sun san ba a shiga Saudiyya aikin Hajji sai da shaidar allurar sanƙarau da ta shawara. In an zo yi wa gari duka ta sanƙarau gabanin bazara, babba ya fito, kada ya turo yara kaɗai. Wanda kare ya ciza kuwa, yaro ne ko babba, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti a fara allura, kada a tsaya jiran a ga ko karen mahaukaci ne. In ciwon ya riga ya bayyana, babu magani.

Zama mai zuwa kowa ya zo da katin yaran gidansa, har na jikoki. Za mu karanta su tare a nan, mu rubuta ranar komawar kowane yaro a allo. Wanda nasa ya ɓace ya faɗa, mu nuna masa inda zai je a duba littafin asibiti a rubuta masa wani.